Yadda Ake Sa Ƙwayar Fata Ta Manta Cewa Fata Ce

(Kiɗan taken shiri)

  Yau a cikin jikin ɗan Adam za mu yi zaman namu, kuma da tambaya zan buɗe.

Idan wuƙa ta yanki mutum a yatsa, bayan 'yan kwanaki ciwon ya kame, fata ce take fitowa a wurin. Ba a taɓa jin wanda ya yanke sai haƙori ya tsiro masa a yatsa ba, ko tsokar hanta. Wani zai ce to, mene ne abin tambaya a nan? Akwai shi. Jikin nan namu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi masu rai waɗanda ido ba ya gani, sama da tiriliyan 30, iri-iri fiye da 200: na fata, na jini, na ƙashi, na ƙwaƙwalwa. Dukkansu daga ƙwaya ɗaya tak suka fito, wato ƙwan uwa da ya haɗu da maniyyin uba. Kusan duk wadda take da cibiya kuma tana ɗauke a cikinta da sinadarin gado iri ɗaya, wanda ake kira DNA, ba ragi ba ƙari. Abin da ke cikin ƙwayar fatar yatsanka shi ne a cikin ƙwayar idonka. To, wa ya gaya wa ta fata cewa ita fata ce, kuma me ya hana ta mantawa har tsawon shekara saba'in ko tamanin?

Bari in kawo misali ɗaya, shi za mu riƙe har ƙarshen shirin. Ku ɗauki DNA a matsayin kundi irin na malaman zaure, mai haruffa kimanin biliyan 3 da babi kimanin 20,000. Kowane babi umarni ne na yadda za a ƙera wani abu da jiki yake buƙata. Kowace ƙwaya an ba ta kundin sukutum, amma ba a yarje mata ta karanta shi duka ba. A ƙwayar fata, babin yin jini da na yin madara da na gani duk an ɗaure takardunsu, an kuma sa musu alama cewa kada a buɗe. A ƙwayar hanta wasu babukan ne daban a ɗaure. Ilimin da ke nazarin waɗannan ɗaure-ɗaure da alamomi, waɗanda ba sa taɓa harafi ko ɗaya na rubutun amma su ne suke hukunta abin da za a karanta, shi ake kira efijenetik. Wani masani ɗan Ingila, Conrad Waddington, shi ya raɗa sunan a 1942, tun kafin a san ainihin siffar DNA ɗin.

Shekaru da dama masana sun rabu biyu. Wasu suna ganin idan ƙwaya ta zama fata, yage sauran takardun take yi ta zubar, ba komawa. Wasu suna ganin rufewa kawai take yi. Ba gardamar baki ce ta raba su ba, kwaɗo ne.

A 1962 wani matashin mai bincike a jami'ar Okosfod, John Gurdon, ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya yi da wani kwaɗon ruwa ɗan asalin kudancin Afirka. Yakan ɗauki ƙwan kwaɗo ya kashe cibiyarsa da wani haske, ƙwan ya zama ba shi da kundi. Sai ya zaro cibiya daga ƙwayar hanjin talibambam, ƙwayar da ta riga ta kama sana'arta ta tsotse abinci, ya cusa a cikin ƙwan. In da ƙwayar hanji ta zubar da sauran takardunta, babu abin da zai fito. Ya dasa cibiya 726. Mafi yawa sun lalace, amma guda 10 sun zama talibambam masu iyo, da ido da wutsiya da zuciya mai bugawa. Bayan 'yan shekaru ya nuna cewa irin waɗannan suna iya girma su zama kwaɗi har su hayayyafa. Wannan Gurdon kuwa, yana ɗan shekara 15 shi ne na kashin baya a darasin nazarin halittu cikin ɗalibai 250, malaminsa har ya rubuta cewa burinsa na zama masanin kimiyya ɓata lokaci ne. Iyaye masu duba sakamakon jarrabawa su yanke wa yaro hukunci, ga ku ga wannan.

Abin da gwajin ya tabbatar biyu ne. Kundin yana nan cikakke a ƙwayar hanji. Sannan a cikin ƙwai akwai wasu sinadarai da suke iya kwance ɗaurin su goge alamomin. Amma ku riƙe lissafin nan, 10 cikin 726, domin za mu yi ta cin karo da irinsa.

Mutane suka ce wannan sha'anin kwaɗo ne, dabba mai shayarwa ba za ta yiwu ba. Sai ranar 5 ga Yuli, 1996, aka haifi wata 'yar tunkiya a Cibiyar Roslin kusa da Edinbara ta ƙasar Sikotilan, aka sa mata suna Dolly. Ian Wilmut da Keith Campbell da abokan aikinsu sun samo ta ne daga ƙwayar hantsar wata tunkiya mai shekara 6. Ƙwai 277 aka haɗa, 29 suka kai matakin da za a dasa su a mahaifar wasu tumaki, ɗaya ce ta zo duniya. Ta rayu har watan Fabrairu na 2003, ta kuma haifi 'ya'ya 6 ta hanyar da kowace tunkiya take haihuwa. Duniya ta ɗauki zafi a lokacin, ana tsoron gobe mutum za a kwafa. A 1997 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta haramta kwafar ɗan Adam, ƙasashe da yawa ma suka yi dokar hanawa. Mu dai abin da ya dame mu yau shi ne waɗancan 276 da ba su kai labari ba. Me ya kashe su, alhali kundinsu lafiyarsa lau? Bincike na baya ya nuna cewa a mafi yawan irin waɗannan 'yan tayi gogewar ce ba ta kammala ba. Wasu alamomin tsohuwar ƙwaya sun maƙale, wasu da ya kamata a bari an share su.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To, su waɗannan alamomi mene ne su a zahiri? A nan zan ɗan ja zaren, domin nan ne zuciyar maganar.

Ta farko ana kiran ta metil. Wani ɗan mitsitsin sinadari ne, ƙwayar kabon ɗaya da haidirojin uku, da ake liƙawa a kan ɗaya daga cikin haruffa huɗu na DNA, harafin da ake wa laƙabi da C, galibi inda harafin G yake biye da shi. Idan metil ya yi yawa a bakin wani babi, ma'aikatan da ke karatu ba sa iya tsayawa a wurin, babin ya yi shiru. Abin burgewa shi ne yadda alamar take wucewa daga ƙwaya zuwa 'yarta. Idan ƙwaya za ta rabu biyu, takan tsage zaren DNA gida biyu ta kwafi kowane ɓari. Tsohon ɓarin yana da metil ɗinsa, sabon ba shi da shi. Sai wani furotin mai suna DNMT1 ya bi layi yana dubawa: duk inda ya ga alama a tsohon ɓari, ya sa irinta a sabon. Amsar tambayarmu ta farko ke nan. Ƙwayar fata tana haifar ƙwayar fata ne domin a kowace rabuwa akwai mai bi yana sake sa alamomin. Tunawar aiki ce da ake yi kullum, ba abu ne da aka yi sau ɗaya aka gama ba.

Ta biyu ta shafi naɗi. DNA ɗin ƙwaya guda in an miƙe shi zai kai kusan mita 2, amma an cusa shi a cibiyar da ba ta kai kaurin silin gashi ba, nesa ba kusa ba. Ana yin haka ne ta hanyar nannaɗe shi a jikin wasu dunƙulallun furotin da ake kira histon, haruffa 147 a kowane dunƙule. Su histon ɗin suna da 'yan wutsiyoyi, kuma a jikin wutsiyoyin ake rataya wasu alamomin. Wata alamar tana sa naɗin ya saki a samu damar karatu, wata tana sa ya ƙulle tamau.

Wanda yake son ganin aikin nan da idonsa, ya dubi kyanwa mai launi uku, fari da baƙi da ja-ja. Kusan kullum mace ce. Dalili kuwa, mace tana da sandar gado ta X guda biyu, namiji ɗaya. A 1961 wata masaniya 'yar Ingila, Mary Lyon, ta gano cewa tun ɗan tayi yana ƙarami kowace ƙwaya ta mace takan rufe X ɗaya kusan gaba ɗaya, ba tare da zaɓi ba, wannan ta rufe ta uwa, waccan ta rufe ta uba, kuma zuriyar kowace ƙwaya ta ci gaba a kan haka. Babin launin ja ko baƙi a kan X yake, shi ya sa gashin kyanwar ya fito faci-faci. A ƙarshen 2001 aka kwafi irin wannan kyanwa a wata jami'a a jihar Teksas ta Amurka. DNA ɗinsu ɗaya, amma 'yar da aka samu ba ta da ɗigon ja ko ɗaya a jikinta.

Yanzu mu koma farkon halitta. Kwana 5 zuwa 6 bayan shigar ciki, ɗan tayi ɗan ƙwallo ne mai ƙwayoyi ɗari da 'yan kai. A cikinsa akwai wani ɗan gungu wanda daga shi ne dukkan sassan jiki za su fito. Waɗannan su ne ƙwayoyin tushe masu iya zama komai: jini, ƙashi, jijiya, hanji, duk dai abin da ke jikin mutum, in ban da mabiyiya. A 1981 aka fara raya na ɓera a ɗakin gwaji, a Ingila da Amurka, a 1998 kuma James Thomson na jami'ar Wiskonsin ya raya na mutum. Da aka leƙa kundinsu sai aka ga naɗinsa sako-sako ne. A 2006 kuma aka gano wani abu da ni a ganina ya fi komai ban sha'awa a wannan fanni: babukan da suke hukunta makomar ƙwaya, na zama jijiya ko tsoka ko hanta, suna ɗauke da alama biyu a lokaci guda, ta buɗewa da ta rufewa. Ba a karanta su, ba a kuma ɗaure su ba. Ranar da ƙwaya ta ɗauki hanya, sai a cire ɗaya a bar ɗaya.

Sai dai samun waɗannan ƙwayoyi yana nufin tarwatsa ɗan tayi, kuma wannan ya tayar da ƙura mai yawa, musamman a Amurka da Turai. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta duba batun a 2003, ta halatta amfani da ƙwayoyin tushe in an samo su ta halastacciyar hanya, kamar daga cibiyar jariri ko jikin babba da yardarsa, ta hana a zubar da ciki da gangan domin samunsu. Ban da wannan, ga matsalar likitanci: ƙwayar wani ce, jikin majinyaci zai yaƙe ta.

A nan Shinya Yamanaka ya shigo. Likitan ƙashi ne ɗan Jafan da ya bar tiyata ya koma bincike, kuma an haife shi ne a 1962, shekarar da Gurdon ya fitar da aikinsa na kwaɗo. Tunaninsa mai sauƙi ne, har wasu suna ganin wauta ce. Ya ce tunda ƙwai yana iya goge alamomi, to wasu furotin ne ke yin aikin, kuma wataƙila ba su da yawa. Shi da ɗalibinsa Kazutoshi Takahashi suka zaɓi babi 24 da aka san suna aiki sosai a ƙwayoyin tushe. Suka gwada cusa su ɗaya-ɗaya cikin ƙwayoyin ɓera ta hanyar amfani da ƙwayar cutar bairos a matsayin ɗan aike, ba abin da ya faru. Suka zuba duka 24 a tare, sai ga wasu ƙwayoyi sun canza kama. Daga nan sai dabara: a riƙa cire ɗaya ana zuba 23, duk wanda aka cire aiki ya tsaya, to shi dole ne. Haka suka tace har suka rage 4: Oct4, Sox2, Klf4 da c-Myc. A 2006 suka sanar daga jami'ar Kiyoto cewa da waɗannan huɗu an mayar da ƙwayar ɓera baligi zuwa halin ƙwayar ɗan tayi. A watan Nuwamba na 2007 suka yi da fatar mutum, rana ɗaya da ɗakin binciken Thomson wanda ya yi da wani haɗin huɗu da ya ɗan bambanta. A 2012 Gurdon da Yamanaka suka raba kyautar Nobel.

Yaya huɗu suke kwance abin da aka ɗaure shekara da shekaru? Uku na farko suna da wata baiwa da yawancin furotin ba su da ita: suna iya kama DNA ko yana nannaɗe a jikin histon. Su ne masu fara kutsawa. In sun samu wurin zama sai su kira masu sassauta naɗi. A kwanakin farko ƙwayar takan rufe babukan fata, ta sauya siffa, ta shiga rabuwa da sauri. Mataki na ƙarshe shi ne mai wuya, wato cire metil daga bakin babin Oct4 na ita ƙwayar kanta da 'yan uwansa irin su Nanog, domin ta riƙe sabon halinta ba tare da taimakon ɗan aike ba. Wani ɓangare na metil ɗin yakan tsarke da kansa in ƙwaya tana rabuwa ba a sake sa shi ba, wani kuma wasu furotin da ake kira TET ne suke kankare shi, waɗanda sai a 2009 aka gane aikinsu. A ƙwayar ɓera mace, har X ɗin nan da aka rufe yakan sake buɗewa.

Aikin yana cin mako 2 zuwa 4, kuma a gwaje-gwajen farko ko ƙwaya ɗaya cikin dubu ba ta kaiwa gaci. Sauran sukan maƙale a hanya, ba su zama tushe ba, ba su koma fata ba. Hatta ƙwayoyin Yamanaka na 2006 ba su gama wankuwa ba, akwai ragowar metil a babin Oct4, sai a shekarar da ta biyo aka samu cikakku. Hujjar cewa alamomin ne shingen ta fito ne da aka ga magungunan da ke taɓa su suna hanzarta aikin. A 2008 masu bincike a Habad suka nuna cewa wani tsohon maganin farfaɗiya mai sassauta naɗin histon yana ninka nasarar fiye da sau 100. A 2010 wasu a Guwanzu ta ƙasar Sin suka nuna bitamin C ma yana taimakawa, daga baya aka gane yana ƙarfafa masu kankare alamomin ne. A cikin farantin ɗakin gwaji fa nake magana. Kada wani ya tashi daga nan ya saye lemon kasuwa yana jiran ya koma saurayi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda ake mayar da ƙwayar jiki baya ta hanyar goge alamomin da ke kan sinadarin gadonta.

Kada a ɗauka ɗan Adam ne ya ƙirƙiro gogewar nan. A kowane ciki da aka ɗauka tana faruwa. Cikin 'yan sa'o'i bayan maniyyi ya shiga ƙwai ake fara share metil daga kundin uba, na uwa ya biyo baya a hankali, sannan a sake sa sababbin alamomi daga tushe. Shi ya sa dattijo mai shekara 60 yake haifar jariri sabo ful, ba tsoho ba. Akwai wasu babuka ƙalilan da ake tsallakewa, masu ɗauke da hatimin cewa wannan daga uwa ya zo, wannan daga uba. A 1984 aka nuna a ɓera cewa ɗan tayin da aka haɗa da kundin uwa biyu, ko na uba biyu, ba ya rayuwa. Ƙwai ya san abin da zai goge da abin da zai bari. Masu bincike har yanzu ba su kai shi iya wannan ba.

Ana ganin haka ta fuska biyu. Wani lokaci gogewar takan gaza. A 2010 aka nuna cewa ƙwayar tushe da aka samo daga jini ta fi saurin komawa jini, wadda aka samo daga fata tana jan ƙafa, saboda ragowar tsofaffin alamomi, kodayake abin yakan ragu in an daɗe ana rainonta. Wani lokaci kuma ta wuce gona da iri, kuma wannan ya fi haɗari. Shi c-Myc sananne ne a cutar daji. A ɓerayen da aka samu daga ƙwayoyin 2007, kimanin ɗaya cikin biyar sun yi ƙari saboda ya sake tashi. Ita kanta ƙwayar tushe, in aka sa ta a jiki ba a koya mata aiki ba, wani irin ƙari take zama wanda in an tsaga shi za a tarar da gashi da guringuntsi da tsokar hanji, wani lokaci har da haƙori, duk a cakuɗe. A 2013 wasu masana a Madarid ta Sifen suka kunna babukan nan huɗu a cikin jikin ɓeraye masu rai, irin wannan ƙari ya fito musu a sassa daban-daban.

Ni abin da na ɗauka daga wannan shi ne, ɗaurin nan kariya ne. Ƙwayar da ta manta ko ita wace ce a cikin jiki mai rai, ita da cutar daji ba su da nisa, kuma a cututtukan daji da dama ana tarar da alamomin metil a hargitse. Kwancewa an iya ta tun 2006. Inda gizo ke saƙa shi ne a sake ɗaurewa daidai, ƙwayoyi miliyoyi, ba a bar ko ɗaya a sake ba.

Shi ya sa tafiyar asibiti take da nawa. A watan Satumba na 2014, a birnin Kobe, Masayo Takahashi da tawagarta suka dasa wa wata dattijuwa mai shekara saba'in da 'yan kai wani ɗan tantanin bayan ido da aka ƙera daga fatarta. Shiryawar ta ci kusan wata 10 da kuɗi kimanin dala miliyan 1. Ganinta bai dawo ba, amma lalacewar ta tsaya, ba a kuma ga ƙari ba. Majinyaci na biyu sai aka fasa yi masa, domin an ga canji a DNA ɗin ƙwayoyinsa. A 2018 aka fara gwaji a Kiyoto a kan cutar karkarwa ta Fakinsin, mutum 7 aka dasa wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma rahoton 2025 ya nuna ba a ga ƙari ba, wasunsu sun samu sauƙi. A 2024 likitoci a Sin suka ba da labarin wata mai shekara 25 mai ciwon sukari nau'in farko da ta daina allurar insulin bayan an dasa mata ƙwayoyin da aka samo daga jikinta. Labarai ne masu daɗi, amma ku lura da adadin mutanen: ɗaya, bakwai, ɗaya. Akwai kuma masu neman maganin tsufa ta hanyar gogewa rabi-rabi. A 2016 a Kalifoniya aka riƙa kunna huɗun nan kwana 2 a kashe kwana 5 a jikin ɓeraye masu cutar saurin tsufa, suka ƙara kwana da kusan kashi 30 cikin 100. Ɓeraye ne, masu wata cuta ta musamman.

Ina wannan ya shafe mu? A sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ita kowace shekara a Nijeriya. Uwar da ta raini mai sikila ta san cewa a watannin farko jaririn lafiya lau yake, sai wajen wata 5 ko 6 kumburin hannu da ƙafa da kukan dare su fara. Dalili shi ne a ciki jariri yana amfani da wani nau'in sinadarin jan jini na daban, wanda ba ya lanƙwashewa. Bayan haihuwa jiki yakan rufe wannan babi ya buɗe na manya, wanda a nan ne kuskuren sikila yake. Babin jarirta yana nan a ɓargon kowane mai sikila, lafiyayye, a ɗaure. Tun 1982 aka nuna cewa maganin da ke hana sa metil yana iya sake buɗe shi, sai dai gubarsa ta yi yawa. Maganin haidiroksiyuriya da likitocinmu ke bayarwa yana ƙara yawan wannan jini na jarirta, kuma an yi bincike a kansa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano domin kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy, wanda ake ciro ƙwayoyin ɓargon majinyaci a lalata makunnin furotin da ke tsare da wancan babi, a mayar masa. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ne.

Ita kuwa hanyar Yamanaka, sikila ce cutar farko da aka fara nuna amfaninta a kai. A watan Disamba na 2007 Jacob Hanna da Rudolf Jaenisch a Amurka suka ɗauki ƙwayoyin wutsiyar ɓera mai sikila, suka mayar da su tushe, suka gyara harafin da ya karkace, suka koya musu zama uwar jini, suka mayar wa ɓerayen, jininsu ya gyaru. Har yau wannan bai zama maganin mutane ba, domin ƙera uwar jinin mutum wadda za ta zauna a ɓargo ta yi aiki har ƙarshen rai ya zama ɗaya daga cikin ɗaure-ɗaure mafiya wuya.

Saboda haka ina kira ga masu jinya. Akwai masu yawo a WhatsApp da Facebook da ɗakunan taro na otal suna tallar garin sha ko ƙwayar haɗiya da sunan ƙwayoyin tushe, wai daga tuffa ko inabi, suna cewa tana maganin sikila da sukari da ciwon ƙoda da rashin haihuwa. Duk ƙwayar halittar da ta bi ta baki, ciki narkar da ita yake yi kamar sauran abinci, kuma ƙwayar itace ba ta zama jinin mutum. Lambar NAFDAC a jikin kwalin ƙarin abinci ba shaida ba ce cewa yana warkar da wata cuta. Masu allura sun fi haɗari: a 2015, a jihar Fulorida ta Amurka, wasu mata uku tsofaffi sun biya kuɗi aka yi musu allurar ƙwayoyin kitsen jikinsu a ido biyu, ɗaya ta makance gaba ɗaya, biyun suka rasa mafi yawan ganinsu. Dashen ƙwayoyin tushe na gaskiya ga mai sikila shi ne dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Nijeriya a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin. Yana buƙatar wanda ɓargonsa ya dace, galibi ɗan uwa shaƙiƙi, da makonni a kwance a asibiti, kuma likitan jini ne kaɗai zai ce wane ya cancanta.

Lokaci ya yi mana halinsa.  

(Kiɗan rufe shiri)